Birkin tsohuwar ƙaramar mota: tambayoyi da amsoshi ga mai ƙaramin aljihu

Tambayoyin nan na masu ƙananan motoci ne da suka kwana biyu a hanya, irin su Golf 3, Corolla, Civic da Starlet, waɗanda ke son birki ya riƙa ci da kyau amma ba su da kuɗin zubarwa. Zan fi kafa misali da Golf 3, domin ita na fi sani ciki da bai, kuma har gobe ita ce jakin tashoshinmu. Abin da na faɗa a kanta ya shafi sauran, sai dai lambobin su bambanta.

Malam, motata ta haura shekara 25 kuma birkinta ba ya ci kamar na motocin yanzu. Daga ina zan fara?

Ka fara da mayar da birkin yadda kamfani ya yi shi, kafin ka yi tunanin ƙara masa wani abu. Golf 3 ta fara fitowa a 1991, kuma ranar da ta bar masana'anta a Jamus birkinta yana iya kulle tayoyi a kan busasshiyar kwalta. Idan yau ka taka iya ƙarfinka tana ta sulalewa, ba ƙanƙantar birkin ba ce, wani abu ne ya gaji a cikinsa. Yawancin masu cewa suna son "babban birki", da za a buɗe musu ƙafafun motar sai a tarar da man da ya yi baƙi kamar shayin da aka manta a wuta, da fistin, wato ɗan ƙarfen da mai ke turawa ya matse birki, da ya cije, da birkin baya da ya daina aiki tun shekarun baya ba wanda ya lura.

Ga yadda nake jera kashe kuɗin. Man birki tukuna. Sai wanke kalifa, wato maƙatar ƙarfen da ke matse fad, abin da ke cin birki, a jikin faifan da ke juyawa tare da taya, da duba tiyon da ke kai mai ƙafafu. Sai fad mai kyau. Sai a buɗe duram na baya, wato kwanon ƙarfen da birkin baya ke ciki, a daidaita. Sai taya. Babban faifai shi ne na ƙarshe, kuma mutane da yawa idan suka gama biyar ɗin farko sai su ga ba su da sauran buƙatarsa.

Me ya kawo taya cikin zancen birki?

Ai ita ce ke tsayar da motar. Birki taya yake tsayarwa, taya kuma ita ke riƙe ƙasa, a wani ɗan fili da bai wuce tafin hannu ba a kowace ƙafa. Gwajin mai sauƙi ne: ka samu hanyar da ba kowa, ka kai gudun kilomita 40, ka taka birki da ƙarfi. Idan tayoyin gaba suka kulle suka yi kuka, ko ka ji ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, yana bugun tafin ƙafarka, to birkin ya riga ya fi ƙarfin tayar. Ko ka ɗaura mata birkin tirela ba za ta tsaya da wuri ba. Taya ce za ta rage maka nisan.

A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa da shekaru ko da zanenta bai cinye ba, zafin ranarmu kuma yana gaggauta mata tsufa. Zurfin zanen kada ya gaza milimita 1.6, kuma in da hali a canza tun kafin ya kai nan, musamman idan damina ta kawo jiki.

Akwai wani tarko a cikin tayoyin Beljiyam. Da yawansu tayoyin hunturu ne, za ka gane su da hoton dutse mai ƙololuwa uku da ƙanƙara a cikinsa. An yi su da roba mai laushi don sanyin Turai. A kwaltar Sakkwato cikin watan Afrilu sai su yi laɓo-laɓo, su cinye da wuri, kuma su ƙara maka nisan tsayawa. Mai faci zai nuna maka zurfin zanensu ya ce sabbi ne fil. Zanen gaskiya ne, amma ba don ƙasarmu aka yi su ba.

Man birkina bai ragu ba. Don me za a ce in zubar da shi?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin a nan ne ɗan kuɗi kaɗan ke yin babban aiki.

Man birki na DOT 3 da DOT 4 yana shan danshi daga iska, ta murfin kwalbarsa da ta jikin tiyo, sannu a hankali. Ruwan da ya shiga ba ya hana birki ci idan kana yawo cikin gari. Sai ranar da birkin ya ɗauki zafi sosai yake nuna halinsa. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205, amma idan ya sha ruwan da bai kai kashi 4 cikin 100 ba, mizanin da aka ɗora masa ya sauko zuwa 140. Na DOT 4 kuwa 230 ne yana sabo, 155 idan ya sha ruwa. Da zarar mai ya tafasa a cikin kalifa sai ya yi tururi, tururi kuma matsuwa yake yi, ba ya tura fistin. Sai ka taka feda ta tafi har ƙasa kamar ka taka audugar rimi. Bayan rabin awa motar ta huce, birki ya dawo garau, bakanike ya duba ya ce bai ga komai ba. Abin da direbobi ke kira "birki ya shanye" sau da yawa wannan ne.

Ni kaina na taɓa ganin haka a kan gangara, da iyali a mota. Allah ya tsare, hambirki da giya ta biyu suka fitar da mu. Da aka zuƙe man washegari, wanda ya yi aikin ya tambaye ni yaushe rabon da a canza shi, na rasa amsa, domin tun da na sayi motar ƙari kawai nake yi.

Ƙa'idar ita ce a canza shi duka duk shekara biyu. Ƙari ba canji ba ne. Za a tura sabo daga sama har sai tsohon ya gama fita ta kowace ƙafa, a ga mai tsabta yana zuba babu kumfa. A Golf da Corolla ana farawa da ƙafar da ta fi nisa da masta, famfon da feda ke turawa ya aika mai zuwa ƙafafu, wato baya ta dama, sai baya ta hagu, sai gaba ta dama, a ƙare da ta direba. Lita ɗaya tana isa.

Wane za ka saya? Dubi murfin kwalbar man a ƙarƙashin bonet, a rubuce yake. Golf DOT 4 take sha. Corolla DOT 3 aka rubuta mata, amma idan ka sa mata DOT 4 ba laifi, ƙari ma ka yi. Akasin haka ne ba a yi: kada a sa DOT 3 inda aka ce DOT 4. DOT 5.1 yana haɗuwa da su biyun. DOT 5 kuwa, wanda ba shi da .1 a ƙarshensa, wani jinsi ne daban, na silikon, ba ya gauraya da su, ka bar shi a kanti. Kuma ka sayi gwangwanin da hatiminsa bai ɓalle ba. Wanda aka buɗe aka ajiye wata shida a gareji ya riga ya fara shan ruwa.

An ce in man birki ya ƙare a hanya ana iya zuba ruwan sabulu ko baƙin mai. Gaskiya ne?

Ana yi, na gani da idona, kuma gyaran gangar Abzinawa ne. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma yana sa tsatsa a masta da fistin. Baƙin mai da man giya da man sitiyari sun fi shi ɓarna, domin suna kumbura duk wata roba da ke cikin birkin. Idan suka shiga, wankewa ba ta isa, sai an canza robobin masta da na kalifa da na baya da tiyo gaba ɗaya. Ajiye ƙaramin gwangwani rufaffe a but ya fi araha nesa ba kusa ba. Sannan ka tuna man birki ba ya ƙonewa kamar fetur. Idan ya ragu kaɗan-kaɗan cikin watanni, fad ne ke cinyewa. Idan ya ragu cikin mako guda, yoyo ne, a nemo shi kafin a sake hawa titi.

Wane fad zan saya, kuma yaya zan gane jabu?

Fad shi ne inda za ka ji bambanci a ƙafarka tun ranar farko, don haka a nan kada ka yi ƙoron kuɗi. Sunayen da aka sani su ne irin su ATE, TRW, Textar, Ferodo da Bosch, sai Akebono ga motocin Japan. Matsalar ita ce kwalin kowa ana bugawa. Saboda haka ka fi dogara da mai shagon da zai yarda ka dawo masa da kaya, sannan ka duba fad ɗin da kanka. Ƙarfen bayansa ya zama mai kauri, yankansa sumul, ba gefe mai kaifi. Tsakanin ƙarfen da abin da ke cin faifai kada a ga rata ko gam ya malalo. Rubutun jikinsa ya fito tsaf. Na kasuwar Turai suna ɗauke da harafin E da lamba mai 90R, alamar an gwada su sun yi kusa da na kamfani. Wasu kuma za ka ga haruffa biyu a gefensu, kamar FF ko GG: na farko ƙarfin cinsa ne da ɗan ɗumi, na biyu da zafi sosai. FF ya wadatar da ƙaramar mota. EE ya yi rauni ga mai hawa da sauka.

Kada sha'awa ta ja ka ga fad ɗin tsere. An yi shi ne ya ci bayan ya yi zafi, kai kuma buƙatarka ita ce birkin farko da safe, lokacin da yaro ya faɗo titi daga lungu.

Sabon fad yakan kai milimita 10 zuwa 12. Idan ya sauko 3, lokaci ya yi. A canza na hagu da dama tare, ba a canza ɓangare ɗaya. Idan aka cire aka ga na ciki ya cinye na waje yana nan da kaurinsa, to sandunan da kalifa ke zamewa a kansu sun cije. A wanke su a shafa musu girisin silikon. Girisin boris na yau da kullum yana kumbura robar da ke rufe su, bayan wata biyu sai a koma gidan jiya.

Wata magana ga yaran gareji: a daina hure ƙurar birki da baki ko da iskar kwamfuresa. Tsofaffin fad da wasu masu araha na iya ƙunsar asbesto, kuma huhu ba ya fitar da shi. Tsumma mai laima ya isa.

Bakanike ya ce a kai faifai a goge. In yarda ko in sayi sabo?

A auna tukuna. A jikin kowane faifai an buga iyakar sirantarsa, galibi bayan haruffan MIN TH. Faifan Golf mai faɗin milimita 239 yana zuwa da kaurin 12, iyakarsa 10. Mai faɗin 256 mai rami a tsakiya yana zuwa da 20, iyakarsa 18. Ka ga milimita biyu kacal ke tsakanin sabo da matacce. Idan bayan gugar zai tsaya sama da iyakar, a goge. In ba haka ba a jefar, domin siririn faifai saurin zafi yake yi, kuma yana tsagewa.

Idan sitiyari na rawa duk lokacin da ka taka birki a guje, ana cewa faifai ya lanƙwashe. Wani lokaci haka ne. Sau da yawa kuma tsatsa ce aka bari a fuskar da faifan ke zama a kanta, ko an ɗaure notocin taya ba daidai ba, yaro ya hau kan sifana yana tsalle. A kankare wurin ya yi fes kafin a sa sabon faifai, a ɗaure notoci a gicciye, a ƙarfin da ya kamata: 110 a ma'aunin ɗauri na Nm ga Golf 3, 103 ga Corolla.

Faifai mai huji-huji fa? Na ga yana da kyau.

Kyau yana da shi. Ba zai rage maka taku ɗaya ba a hanyar Kano zuwa Zariya, mai arahar cikinsu kuma daga bakin hujin yake fara tsagewa. Sayi sumul mai inganci.

Fedar birkina laushi gare ta. Wani ya ce masta ce, wani ya ce iska. Wa zan bi?

Ƙafarka za ta raba gardamar. Idan feda na da laushi amma in ka buga ta sau biyu ko uku sai ta yi tauri ta hau sama, iska ce a cikin layi, ko kuma takalman duram na baya sun yi nisa da jikinsa. Idan ka ɗora ƙafa ka riƙe a tsaye, kamar a danja, ka ji tana nutsewa a hankali kuma babu yoyo a ko'ina, robobin cikin masta ne suka gaji. Idan kuwa ta yi tauri kamar dutse kuma motar ba ta tsayawa, a duba busta, baƙar tukunyar nan da ke bayan masta, da tiyon da ke kawo mata zuƙar iska daga inji. Gwajinta: a kashe mota, a buga feda sau biyar, a riƙe, a tayar da inji. Idan busta na da lafiya feda za ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka.

Kada a manta da tiyo huɗu na roba da ke kai mai ƙafafu. A motar da ta shekara ashirin, mai yiwuwa su ne na asali. Suna kumbura idan an taka, su shanye ƙarfin da ya kamata ya isa fistin. Wani lokaci kuma cikinsu ke ruftawa, mai ya wuce ya kasa komowa, sai ƙafa ɗaya ta riƙa riƙewa tana zafi, motar tana ja gefe, man fetur yana tafiya a banza. Sabbin tiyo na roba ba su da tsada. Masu saƙar ƙarfe a jiki suna ƙara wa feda ɗan tauri, amma ba dole ba ne.

To idan na yi duk wannan kuma har yanzu ina son babban faifai?

A nan Golf 3 ta yi wa mai ita gata, domin ta fito da birki iri-iri kuma kayan 'yan gida ɗaya suna shiga juna. Masu ƙaramin inji, irin 1.4, sun zo da faifan 239 marar rami. Masu ƙarfi kaɗan sun zo da 256 mai rami a tsakiya, wanda iska ke ratsawa tana sanyaya shi. Komawa daga na farko zuwa na biyu shi ne ƙarin da ya cancanci kuɗinsa, musamman ga motar haya da mai bin hanyar tudu. Ribar ba wai tsayawar farko ce za ta gajarce sosai ba. Ribar ita ce tsayawa ta biyar da ta goma za su yi kama da ta farko.

Dalili kuwa zafi ne. Mota mai nauyin kilo 1,100 da ke gudun kilomita 100, idan ta tsaya cak, zafin da birkinta ke haɗiya ya isa ya kai ruwa fiye da lita ɗaya ga tafasa, cikin 'yan daƙiƙu. Wajen kashi biyu cikin uku na wannan zafin a gaba yake sauka. Faifai mai kauri ya fi iya ɗauka, mai rami ya fi saurin zubarwa.

Yadda ake yi shi ne a samo ƙafar gaba sukutum daga motar da aka yanka, da kalifarta da mazauninta da ƙugun da suke ɗaure a kai, hagu da dama daga mota ɗaya. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ba abin wahalar samu ba ne. Sai a sa musu sabon faifai da sabon fad. Ka lura da abu biyu. Faifan 256 yana son wili mai inci 14, ba ya shiga cikin na 13. Sannan na 280 da ke kan Golf masu babban inji, VR6 da manyan GTI, noti biyar gare shi, taka kuwa huɗu, don haka zai ja ka ga canza wili da taya da wasu kayan ƙafa, kuɗin ya tashi daga gyara ya koma gini.

Abin da ba na goyon baya ko kaɗan shi ne a ɗauko kalifar wata mota daban a ƙera mata mazauni a wurin mai walda. Girman fistin da girman masta a lissafe suke. Idan fistin ya fi ƙarfin masta feda za ta yi tsawo, waldar kuma ba wanda ya san ranar da za ta saki.

Ina so in cire duram na baya in sa faifai. Yana da amfani?

Ga ƙaramar mota, amfaninsa bai kai wahalarsa ba. Baya ɗan kaso take ɗauka na aikin, kuma duram mai lafiya yana yinsa daidai, ga shi hambirkinsa ya fi riƙo. Haɗarin ma shi ne a ƙara wa baya ƙarfi fiye da kima: idan tayoyin baya suka riga na gaba kullewa, motar juyawa take yi ta kalli inda ta fito.

Abin da baya ke so shi ne a buɗe ta. A duba takalman, a ɗaga robar ƙaramar silindar da ke tura su a ga ko tana tsattsafo, a wanke abin da ke daidaita su da kansa. A Golf da yawa marasa ABS akwai wani ɗan bawul a kusa da gatarin baya mai hannu da sifirin, aikinsa ya ƙara wa baya birki idan an yi lodi, ya rage idan motar ba kaya. Yakan cije da tsatsa, wasu kuma su ɗaure shi da waya. A motar da yau take ɗauke da mutum ɗaya gobe buhu shida, wannan bawul ba abin wasa ba ne.

Wata ƙafar baya tana yoyo, bakanike ya ce zai toshe layinta in ci gaba da tafiya da uku.

Kada ka yarda, sai dai don ka lallaɓa daga daji zuwa gari. Layin birkin Golf a gicciye aka raba shi, gaba ta dama da baya ta hagu a layi ɗaya, sauran biyun a ɗayan, don in ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da kai. Toshe ƙafa ɗaya yana sa motar fizga gefe a birkin gaggawa. Silindar da ake gudun saya tana cikin mafi arahar kayan birki duka. Mugun abin shi ne toshewar "ta yau kawai" takan shekara.

Waɗanne kaya ne zan iya saya na Beljiyam?

Ƙarfe: kalifa, mazauninta, ƙugun ƙafa, duram idan an auna shi, da busta. Kalifar ma a canza mata robobi kafin a ɗaura. Abin da yake roba ne ko mai cinyewa, wato fad, takalman baya, tiyo, silindar baya da mai, sabo kawai. Masta tana tsakiya. Ta asali da aka ciro daga mota mai lafiya takan fi sabuwar jabu, amma a gwada ta da riƙon ƙafa kafin a biya.

Fitilar ABS tana kunne, an ce a cire na'urar gaba ɗaya a huta.

Sau da yawa abin da ya lalace ɗan ƙaramin sansa ne mai auna juyawar taya a ƙafa ɗaya, ko wayarsa ta tsinke, ko datti ya cika haƙoran zoben da yake karantawa. A sa kwamfuta ta nuna ƙafar. ABS shi ke ba ka damar juya sitiyari kana kan birki, ranar ruwa ko ranar da akuya ta yanke shawara a tsakiyar titi. A wasu motocin kuma shi ne ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, cire shi sai ya bar baya ba mai tsawata mata. Cire ƙwan fitilar don kada a gani kuwa, wannan yaudarar kai ce.

Ina yawan bin hanyar Jos. Me zan yi kada birki ya yi zafi a gangara?

Duk wanda ya sauko Hawan Kibo ya san warin fad da ke tashi a wurin. Haka hanyar saukowa daga Mambila. Dabarar ba ta cin ko kwabo: ka sauka da giyar da za ka hau da ita. Ka sa ta uku ko ta biyu tun daga sama, inji ya riƙe motar, mai otomatik kuma ya ja zuwa 2 ko L. Birki a taka shi da ɗan ƙarfi, gudu ya ragu, a sake shi ya sha iska. Ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa shi ke dafa shi. Sakin mota a furi don tsimin mai, balle kashe inji, ganganci ne, domin da inji ya mutu busta taku biyu ko uku kawai ta rage maka.

Idan ka ji wari ko feda ta fara tsawo, ka samu wuri ka tsaya, ka sa giya, ka kafa dutse a taya. Kada ka watsa wa faifai ruwa. Sannan ka riƙe wannan lissafin: idan gudu ya ninka biyu, nisan birki ninkawa huɗu yake yi, kuma a gudun 100 kana cin wajen mita 28 duk daƙiƙa kafin ma ƙafarka ta isa feda. Lodi ma haka, kowane buhu zafi ne a kan faifai.

An sa mini sabon fad amma sai na ji kamar tsohon ya fi ci.

Bai zauna ba ne. Sabon fad da faifai sai sun saba da juna. Ka samu hanya shiru, ka kai 60, ka taka da matsakaicin ƙarfi har ka sauko kamar 10, kada ka tsaya cak, ka sake hawa. Yi haka sau takwas zuwa goma, sannan ka yi tafiyar minti biyar ba birki don ya huce. Kwanakin farko a guji birki mai tsanani in ba dole ba. Idan da ɗan ƙara, galibi faranti siriri na bayan fad ne ba a mayar ba. Ƙarar ƙarfe kan ƙarfe ita ce ba a kwana da ita.

Me zan duba kafin in fita daga gareji?

Kafin motar ta motsa ko taku ɗaya, buga feda har ta yi tauri. Bayan canjin fad fistin yana can ciki, takun farko fanko ne, kuma motoci da yawa sun daki bangon gareji a kan haka. Duba man yana tsakanin layin sama da na ƙasa. Sa yaro ya danne feda, kai kuma ka leƙa bayan kowace taya ka ga ko akwai laima, ka tabbata tiyo bai murɗe ba kuma ba ya gogar taya idan an karya sitiyari har ƙarshe. Ja hambirki ka ƙirga ƙararsa, kada ya tafi har sama. Ka ce a ba ka tsofaffin kayan da aka cire ka gani. Bayan tafiyar kilomita biyar ka tsaya ka kai bayan hannu kusa da kowane wili, ba tare da ka taɓa faifai ba. Idan ɗaya ya fi ɗan'uwansa na ɗaya gefen zafi sosai, juya ka koma wurin Oga tun bai rufe ba.